Ya kamata Babban Bankin Amurka ya daina biyan bankuna ruwa a kan ajiyarsu?

Ɗan Kasuwar Kwari: Jama'a, ni dai ina bayan Sanata Ted Cruz, wanda ya ce a 2025 a daina biyan bankunan Amurka kuɗin ruwa a kan abin da suka ajiye a babban banki. Banki ya jibge kuɗi, bai ranta wa kowa ba, a biya shi kashi 5.4 cikin ɗari kamar yadda aka yi a 2023? A shekarar babban bankin ya tafka asarar sama da dala biliyan 100, ribar da ya saba turawa baitulmali ta tsaya cak.

Malamin Jami'a: Alhaji, ruwan nan ai shi ne linzamin. Kafin a fara biyansa a Oktoban 2008, ajiyar bankuna galibi ba ta kai dala biliyan 50 ba, ɗan ƙari ko ragi kaɗan ya isa ya motsa farashin rance. Daga baya babban bankin ya yi ta sayen takardun bashin gwamnati, ajiya ta kai wajen dala tiriliyan 3. Ka daina biya yau, bankuna su riƙa ranta wa juna kusan kyauta, ko da kaya na tsada. Da ruwan kuwa, ana iya tsananta rance ba tare da an zubar da takardun nan a kasuwa ba.

Ɗan Kasuwar Kwari: To Malam, mu nan fa? A Satumban 2024 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ce bankuna su kulle rabin kuɗin masu ajiya a wurinsa, ko sisi ba ya biya, kuma duniya ba ta tashi ba.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Banki: Ba ta tashi ba, ranka ya daɗe, amma kai ka biya. A lokacin, kowace naira ɗari da ka kawo, hamsin na kwance, sauran hamsin ɗin ne ke ɗaukar albashi, dizal da riba. Shi ya sa ruwan rancen kayanka ya yi tsada, na asusun ajiyarka kuma abin dariya.

Ɗalibi: Akwai hanyar tsakiya, Hajiya. A 2023 Babban Bankin Turai ya daina biyan ruwa a kan ajiyar dole, wato wadda aka tilasta wa bankuna su ajiye a wurinsa, ya ci gaba da biya a kan rarar.

Malamin Jami'a: Gaskiyarka, sai dai Amurka ta mayar da ajiyar dole sifili tun Maris 2020. Sai an dawo da ita tukuna.

Ɗan Kasuwar Kwari: To a dawo da ita mana! Wa ya hana?