Kamfanin wuta ya ce in riƙa biyan dala 145 kowane wata, in karɓa ko in bari?

Baban Hanifa
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka zauna a Amurka. Ina karatu a Columbus, jihar Ohio, da iyalina da yara biyu. A watan Agusta muka shiga gidan da muke haya, kuma komai na gidan da lantarki yake aiki: girki, ruwan zafi, ɗumama ɗaki. A Satumba bil ɗin ya zo dala 68, na ce ashe abin da sauƙi. Disamba 190, Janairu 262, Fabrairu 240. Ɗan abin da makaranta ke ba ni a wata kuwa bai san sanyi ya shigo ba, yana nan yadda yake. Yanzu kamfanin ya aiko mini da tayin wani tsari da suke kira bajet bilin: in riƙa biyan dala 145 kowane wata, rani da hunturu. Abin lura shi ne yanzu muna Maris, hayarmu za ta ƙare ƙarshen Yuli, kuma da alama wani gari za mu koma. Wanda ya taɓa shiga ya gaya mini gaskiya don Allah.

Na Kurna
Wa alaikumus salam. Ka sa sola kawai ka huta.

Maman Sadiq
Ɗan Kurna, gidan haya ya ce, a ƙasar mutane. A kan rufin wa zai ɗora? Baban Hanifa ka shiga, shekarata huɗu a kai a Maryland, dala 98 nake biya, hankalina kwance.

Goga
Dala 262 a wata ɗaya? Na buga a naira sai da na tashi zaune. Malam, masana'anta ka buɗe a ɗakin?

Ɗan Maraɗi
Ƙanena kada ka kuskura. Ni na shiga, har yau ban gama fita ba.

A Greensboro nake, North Carolina, inda mu 'yan Nijar muke da yawa. Watan Oktoba na shiga tsarin, aka yanka mini dala 110. Abin da ban sani ba, da wutar da mai gidan na baya ya sha aka yi lissafin, shi kuwa gwauro ne, sai dare yake dawowa. A Disamba matata ta haihu, surukata ta zo daga gida. Kun san wankan jego, safe da yamma, kwana arba'in, ruwan kuma sai ya yi zafin da hannu ba ya shiga. Tankin ruwan zafin nan bai huta ba ko na awa ɗaya. Ga Hajiya ba ta taɓa ganin irin sanyin nan ba, na sayo mata ƙaramar hita ta ɗaki, dare da rana a kunne. Ni kuma duk wata in ga 110, in ce kai, Allah ya yi wa kamfanin nan albarka.

Afrilu muka tashi daga gidan. Na kira su a rufe, yarinyar da ta ɗauka ta ce akwai sauran dala 860 a kaina. Na ce na me? Ban taɓa tsallake wata ba. Ta ce bambancin abin da na sha da abin da na biya ne, kuma wai duk wata suna rubuta shi a ƙasan takarda. Wa yake karanta ƙasan takarda? Na yi zuciya na ce ba zan biya ba sai sun yi mini bayani. Wasiƙunsu suka riƙa zuwa tsohon gida, ni ban gani ba. Bayan wasu watanni sai ga kiran masu karɓar bashi. Abin ya shiga tarihin bashina, a ƙasar nan kuwa irin wannan tabo yana iya kai shekara bakwai. Da na je neman wani gida bara, sai da aka ninka mini kuɗin ajiya. Na biya 860 ɗin tuni, amma sunan bai wanku ba.

Goga
Wato jaririn tun bai yi arba'in ba ya ci bashin dala 860. Allah ya raya, wannan ɗan kasuwa ne.

Maman Sadiq
Allah sarki. Amma Malam, ni duk bayan wata uku ake duba nawa. In na sha da yawa sai su ɗan ƙara, ba ya taruwa haka.

Ɗan Maraɗi
To Hajiya ƙarya na yi kenan?

Maman Sadiq
Subhanallah, ni ban ce ba. Kowane kamfani da tsarinsa.

Ɗan Maraɗi
Nawa ba su taɓa shi ba. Kuma abin da ya fi ɓata mini rai, da bil ɗin Janairu ya zo mini da ainihin kuɗinsa, da tun ranar na san abin yi. Da na rage zafin tankin, da na sayo wa Hajiya bargo mai kauri. Sun rufe mini ido ne na yi ta tafiya har na faɗa rami.

Injiniya Bello
Bari in ɗan sa baki, shekara goma sha ɗaya ina Houston. Tsarin nan ba ragi ba ne, ko sisi ba a rage maka. Mita tana nan tana juyawa, ana karanta ta duk wata kamar kullum. Kamfanin yana duba wutar da gidan ya sha a wata goma sha biyu da suka wuce ne, ya raba gida goma sha biyu. Watan da ka sha ƙasa da haka kana da ajiya a wurinsu, watan da ka zarce suna binka. Wasu kamfanonin suna gyara adadin a tsakiyar shekara, wasu sai ƙarshenta su zo da cikon. Maman Sadiq da Ɗan Maraɗi duk gaskiya suka faɗa.

Baban Hanifa, kai lokacinka ne abin dubawa. Ɗan Maraɗi ya shiga a bakin sanyi ya fita a bayansa, shi ya sa ya fita da bashi. Kai akasin haka ne. Ka riga ka biya tsadar hunturu da aljihunka. Afrilu da Mayu bil ɗinka zai sauko, wataƙila ya koma kusa da na Satumba. In ka shiga yanzu za ka riƙa ba su 145 a watannin da ya kamata ka numfasa, kana tara wa sanyin da ba a gidan zai same ka ba. Za su mayar maka da rarar in ka rufe, amma me ya kai ka?

Kuma kada a haɗa shi da kwangilar tsayayyen farashi, abu biyu ne daban. Ita kwangilar farashin yunit take ɗaurewa. Mu nan Texas mun ga bambancin a Fabrairun 2021 lokacin babban sanyin nan, waɗanda farashinsu ke bin kasuwa kai tsaye wasu sun ga bil na dubban daloli a 'yan kwanaki.

Na Kurna
Injiniya ka cika dogon turanci. A taƙaice adashe ne da kamfani.

Injiniya Bello
Adashen da kai kaɗai ne a ciki, uwar adashen kuma ita ke riƙe da mita.

Ɗan Maraɗi
Injiniya, Houston zafi gare ku, me ka sani game da hita? Wanda ya sha dukan shi zai ba da labarin bulala.

Injiniya Bello
Esi a watan Agusta a nan ya fi hitarka ci, Alhaji. Na taɓa biyan 310.

Maman Sadiq
310? Kai, ku duba gidajenku dai. Ni ko kafin in shiga tsarin ban taɓa wuce 160 ba.

Injiniya Bello
Hajiya da me ake ɗumama gidanki?

Maman Sadiq
Da gas.

Injiniya Bello
To kin gani. Naki bil biyu ne, ɗaya kika kawo mana.

Anti Manchester
Mu a Ingila yawancin mutane haka suke biya, ana cira daga banki duk wata adadi ɗaya, kuma ya ɗan fi araha a kan jiran takarda. Matsalar mu ta juye ce. Su suke cire fiye da kuɗin abin da muka sha. Na taɓa dubawa na tarar da fam 430 nawa a kwance a wurinsu, ni kuma ina nan ina lissafin kuɗin cefane. A 2021 da gas ya yi tsada kamfanoni fiye da ashirin suka durƙushe, har da nawa. Hukumar Ofgem mai kula da harkar wuta da gas ta mayar da mu wani kamfanin, kuɗin bai salwanta ba, amma sai da na yi wata biyar ina bi kafin ya bayyana. Ƙanena in za ka iya, buɗe asusu daban ka riƙa zuba rarar da kanka.

Goga
Anti, asusun da ke hannun ɗalibi mai 'ya'ya biyu? Kura ce aka ba ajiyar nama.

Malam Sani Zariya
Tambayata ɗaya, in suna binka bashin, suna ɗora ruwa a kai? A duba wannan kafin komai.

Injiniya Bello
Inda na zauna ba sa ɗorawa Malam, sai dai tarar jinkiri in ka makara, kuma suna iya fitar da kai daga tsarin su nemi cikon gaba ɗaya. Ya karanta sharuɗɗan nasa kamfanin.

Na Kurna
Ni fa duk dariya kuke ba ni. Ai mu muka fara wannan tsarin tun kafin Amurka. Gidanmu ba mita, dubu talatin da takwas ake kawowa duk wata, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Bara na kulle gida muka tafi ƙauye wata guda cur, na dawo na tarar da takardar a soke a ƙofa, dubu talatin da takwas. Ku aƙalla akwai ranar hisabi. Mu kiyasi ne, ba mai zuwa ya ce ga rararka.

Goga
Mu kuɗin duhu muke biya, hasken kyauta ne in ya zo.

Hajiya Tarauni
Ɗan Kurna ka nemi mita mai kati mana. Na sayi tawa dubu tamanin da takwas ƙarshen 2023. Tun ranar nake ganin abin da nake sha, in yara sun bar dutsen guga a jone ni da su ne.

Na Kurna
Tamanin da takwas a ina? Ni ɗari da talatin aka ce mini.

Abba Hotoro
Mu kyauta aka sa mana a 2021, lokacin rabon gwamnati.

Na Kurna
Kyauta? Kana da wani a ciki dai.

Abba Hotoro
Wallahi layinmu gaba ɗaya aka bi. Kuma tun 2020 hukumar NERC mai kula da lantarki ta sa iyaka a kan abin da za a iya yi wa marar mita kiyasi. Ka duba takardarka, in sun zarce ka kai ƙara.

Na Kurna
In bar kasuwa in je in zauna a benci? Kai dai da bakinka.

Baban Hanifa
Na gode ƙwarai jama'a. Injiniya, in na fahimce ka, in bari sai na koma sabon gida, in shiga tun daga bazara? Kuma in sabon gidan ma lissafin mai gidan baya za su ɗauka fa?

Hajiya Tarauni
Ni mitar ma yanzu ba ta cece ni ba. Tun Afrilun 2024 da aka mayar da Band A naira 225 kowane yunit, daga sittin da wani abu, katin dubu goma ba ya kai ni mako. An ɗan rage daga baya zuwa ɗari biyu da 'yan kai, amma ina amfanin? An ce mu 'yan Band A wutar awa ashirin za mu riƙa samu a rana. Ni ina ƙirgawa a bayan kalanda, akwai ranar da tara muka samu.

Abba Hotoro
Ku gode wa Allah Hajiya. Oktoban 2024 fa? Fiye da mako Arewa tana cikin duhu. Ƙanƙara ta fi nama daraja a unguwarmu.

Ɗan Maraɗi
Ku kwana nawa kuka yi? Mu da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, sai Maris na 2024 aka mayar. Ina nan ina fama da masu karɓar bashi, ina kuma aika kuɗin man inji gida.

Goga
Alhaji kai wuta ba ta yi da kai a nahiya biyu.

Na Kurna
Tunda an zo nan, Abba, ku nawa aka karɓa a gida lokacin da transfomarku ta ƙone? Mu dubu goma sha biyar kowane gida, masu shago ashirin da biyar. Wata uku kenan. Kwamitin unguwa sun ce kuɗin bai cika ba, na ce a kawo takardar waɗanda suka biya a karanta a masallaci, sai aka ce ba ni da kunya.

Abba Hotoro
Mu dubu bakwai. Kuma a ƙa'ida ba ku ya kamata ku saya ba, kayan kamfani ne.

Hajiya Tarauni
Ƙa'ida! In kun jira ƙa'ida sai azumi ya zo ya wuce ba ku sha ruwan sanyi ba. Wa ke riƙe da kuɗin naku, Ɗan Kurna?

Na Kurna
Wani dattijo ne, ba zan kama suna ba. Amma ya sake fentin gidansa.