Kunnen kwikwiyona ya ƙi warkewa bayan yanka

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitocin dabbobi da masu kiwon karnukan gadi.

Ina da kwikwiyo ɗan wata uku, irin Dobaman, a nan Gombe. Likitan dabbobi ya rage masa kunnuwa, wato ya yanke gefensu domin su riƙa tsayawa a miƙe, kuma ya cire zaren ɗinkin bayan mako biyu kamar yadda aka saba. Kunnen dama ya bushe sarai, amma gefen na hagu, daga tsakiya zuwa sama, yana tsattsafo da ruwa mai wari, fatar ta yi ja, kuma ƙudaje ba sa barin wurin ko kaɗan a wannan zafin.

Ina wanke ciwon da ruwan gishiri safe da yamma, in shafa aidin, na kuma sa masa robar wuya don kada ya sosa, amma yana girgiza kai har ɓawon ya tsage ya yi jini. Da na naɗe kunnen da filasta a jikin soso domin ya miƙe, sai gumi ya taru a ciki, warin ya ƙaru. Da na kwance, sai kunnen ya lanƙwashe ya kwanta a kansa. Yana cin abinci, jikinsa ba zafi, sai dai yana kuka idan an taɓa wurin, kuma hakan ya fi komai damuna. Likitan ya yi tafiya.

Shin in dakatar da ɗaurin gaba ɗaya har ciwon ya bushe, ko jinkirin zai hana kunnen tsayawa daga baya?