Baƙin mai nawa zan zuba wa motata mai injin babur kafin in shiga filin tsere?

Auwalu_Leeds:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar inji ku taimaka min. Bara na sayi MK Indy, irin ƙananan motocin nan na Ingila da ake sayar da su a wargaje mutum ya harhaɗa da kansa, wani dattijo ne ya haɗa ta a garejin gidansa ya ɗora mata injin babur Yamaha R1 na 2003. A titi lafiya lau take. To yanzu na biya kuɗin yini guda a filin tsere na Cadwell Park wata mai zuwa, kuma ranar da zan ɗauki motar dattijon ya ja hannuna ya nuna min ɗan gilashin nan na gefen inji ya ce in dai zan shiga fili in zuba mai ya wuce layin sama, alhali littafin babur ɗin ya ce tsakanin layi biyu. Wanne zan bi? Wallahi abin ya tsaya min a rai, duk ɗan abin da na tara yana jikin motar nan.

BabanHanifa:
Wa alaikumus salam Malam Auwalu. Dattijon nan gaskiya ya faɗa maka, littafin ma bai yi ƙarya ba, sai dai shi don babur aka rubuta shi. Ka duba, babur in ya zo kwana kwanciya yake yi, inji da mai duk su karkata tare, man yana nan zaune a gindin kaskonsa inda bututun famfo ke zuƙa. Motarka kuwa ba ta kwanciya, a miƙe take shan kwana, sai man ya gudu ya taru gefe ɗaya kamar ka ɗauko ruwa a faranti ka juya da sauri, bututun ya zuƙi iska, kuma injin da ke juyi sama da 10,000 a minti ɗaya daƙiƙa biyu uku babu mai sun isa su cinye ƙarafan da karanshaf, wato babbar sandar cikin inji, ke juyi a kai. Ga shi an juya injin an kwantar da shi a tsawon mota, ba yadda ya zauna a babur ba. Cadwell kuma akwai doguwar kwanar nan Chris Curve da za ka daɗe a ciki kana taka totur, irinta ce ke kashe inji.

Abin da masu R1 suka saba shi ne farantin ƙarfe da ake sakawa tsakanin inji da kaskon mai ya tare man kar ya yi ta yawo, sannan su ƙara kamar 250ml a kan cikarsa. Fara tabbatarwa farantin na ciki. In babu shi ƙarin mai kaɗai ba zai cece ka ba.

Injiniya_Sani:
Na yarda da BabanHanifa amma ƙanena kar ka ji an ce ƙara ka ɗauki galan ka tuttula. Ni na taɓa yi, tsoro ya sa na ƙara kusan lita guda, zagaye huɗu kawai na yi na ga hayaƙi, na buɗe na tarar mai ya fito ta bututun numfashin inji ya jiƙe filtar iska sharkaf, wanda ya rage a gilashi kuma ya yi kumfa fari-fari. Karanshaf ne ke dukansa, kuma mai mai kumfa famfo ba ya iya tura shi da ƙarfi. Ranar a kan tirela na maido motar gida raina a ɓace.

Yadda nake yi yanzu, in ɗumama inji sosai, mota a daidaitaccen wuri, in kashe in jira minti biyu uku sannan in duba, kuma duk fitowa daga fili sai na sake dubawa. Man babur za ka zuba mai alamar JASO MA2, don kulocinka cikin man yake wanka, na mota zai iya sa shi santsi.

Auwalu_Leeds:
Na gode ƙwarai manyana, Allah ya saka da alheri. Na kira dattijon ya ce farantin na ciki shi ya saka da hannunsa. To jar fitilar mai da ke gabana fa, ba za ta gargaɗe ni ba?

BabanHanifa:
Kar ka dogara da ita. Ta R1 yawan man da ke kasko take aunawa, ba ƙarfin da famfo ke turawa ba. Ka sa gejin ƙarfin mai da babbar fitila a inda idonka zai gani ko kana tsakiyar kwana, in ta ƙyafta ko sau ɗaya ka saki totur ka fito. Kuma tunda zuwanka na farko ne ka tafi da tayoyinka na titi, masu sulɓin nan na tsere sun fi kama ƙasa, man zai fi gudu gefe, masu injin babur Suzuki Hayabusa da yawa shi ya sa suke komawa tankin mai daban da famfon da ke kwashe man daga ƙasan inji. Ka riƙe lita guda a mota da mazurari da tsumma.