MikroTik hEX na ta sake kunna kansa, ba ya ƙarasa tashi

Tambaya: Assalamu alaikum, injiniyoyi. Ga hEX (RB750Gr3), na'urar raba intanet ta kamfanin MikroTik, da aka ɗauke wa wuta ana tsakiyar sabunta RouterOS, manhajar da ke tafiyar da shi. Yanzu idan an kunna, fitila ta kama, ya yi ƙara sau ɗaya, sai ya mutu ya sake farawa. Winbox, shirin da ake saita shi da shi daga kwamfuta, ba ya ganinsa ko ta MAC, wato lambar shaidar na'ura a sadarwa. Ta ina za a fara?

Mai Waya: Wa alaikumus salam. Fara da adafta kafin ka zargi manhaja. Wannan na'urar tana karɓar 8V zuwa 30V, amma adaftar da kafasitocinta suka kumbura takan nuna cikakkiyar wuta a mita idan babu komai a jikinta, da zarar na'ura ta ja sai ta faɗi. Auna ta tana jone. Ko ka ɗauko wata mai 12V 1A, tsakiyar filoginta ya zama fositif. Cire USB da katin microSD, idan kuma ta PoE (wuta ta cikin wayar sadarwa) take sha a ether1, ƙofar waya ta farko, cire ka ba ta ta soket.

Injiniyan Sadarwa: Maganar wuta gaskiya ce, sai dai ƙara ɗayan nan ya faɗi abu da yawa. Ƙaran farko na RouterBOOT ne, ƙaramin shirin da ke fara tayar da na'ura, biyun da ke biyo baya su ke nuna RouterOS ya gama tashi. Tunda ba ka jin biyun, kuma wuta ta yanke ana rubutu a fulash (ma'ajiyar manhajar na'ura), tsarin ne ya lalace. Netinstall za ka yi, malam, wato sake ɗora RouterOS daga kwamfuta ta waya.

Sauko da Netinstall da fakitin mmips (RouterOS na irin wannan na'ura), sigarsu ta zama ɗaya. Ba wa kwamfuta adireshin IP 192.168.88.2, a saitin Net booting na Netinstall ka sa 192.168.88.3. Kashe Wi-Fi da firewall da duk wani katin sadarwa, don nan mutane suka fi maƙalewa: shirin yana saurare ta wata ƙofa, na'ura tana kira ta wata. Waya a ether1 kaɗai. Danne reset tun kafin ka sa wuta, kar ka saki sai na'urar ta bayyana a jerin Netinstall, kimanin daƙiƙa 15 ko fiye. Idan ta ƙi fitowa, sa ƙaramin switch (akwatin haɗa wayoyin sadarwa) tsakanin kwamfuta da na'urar, saboda wasu kwamfutocin suna jinkirin gane waya har lokacin ya wuce.

Aikin yana goge fulash, amma lasisi yana nan.

Mai Waya: Ƙari kaɗan: fulash ɗinsa 16MB ne kacal, kar a loda masa fakitin da ba a buƙata. Idan Netinstall ya kammala amma ya ci gaba da zagayen da sabuwar adafta, buɗe shi ka duba kafasitoci da wurin ether1, ko tsawa ta taɓa shi ta waya. In allon ya ƙone a nan, kuɗin gyara ya kusa na sabo.