Kwaɗo da zomo suna kokawa: me masu zanen Japan suke nufi?

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata da ke koyon zane ta turo min hoton wani tsohon zanen Japan, kwaɗo ya yi wurgi da zomo a kokawa, sauran kwaɗi sun faɗi ƙasa don dariya. Can gaba kuma biri ne sanye da rigar malamai yana addu'a a gaban kwaɗo. Wai raha ce kawai, ko akwai habaici a ciki? Masana a taimaka.

Mai Alƙalami: Wa alaikumus salam. Sunan zanen Choju-giga, naɗaɗɗun takardu huɗu ne mallakar gidan ibadar Kozanji da ke Kyoto, an yi su tsakanin ƙarni na 12 da na 13. Wadda ka gani ita ce ta farko, tsawonta ya ɗan haura mita 11, baƙar tawada ce zalla, ba launi, ba rubutu ko layi ɗaya. Ana warware ta ne daga dama zuwa hagu, kamar yadda muke karanta ajami. Birin nan malamin addinin Buda ne, kwaɗon kuwa ya harɗe ƙafafu a kan ganye yana kwaikwayon gunkin Buda. Kusa da nan za ka ga wani birin ana jibge masa kyaututtuka. Ni dai a ganina malaman zamanin ake yi wa shaguɓe, musamman masu son abin hannun mabiya. An daɗe ana jingina aikin ga wani malami, Toba Sojo, wanda ya rasu a 1140, amma masu bincike sun nuna hannu fiye da ɗaya ne.

Hajiya Bilki: Malam, kada mu cika ɗora wa zanen nauyi. Tun da ba rubutu, kowa da fassararsa. Kokawar sumo da gasar harbin baka da ke ciki duk bukukuwan fadar sarki ne na lokacin, ƙila mai zanen nishaɗi kawai ya so. Ai mu ma ba kowace tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ce ke zagin wani ba.

Mai Alƙalami: Gaskiyarki Hajiya. Amma idan habaici tsagwaronsa ake nema, a duba Kuniyoshi, wani mai zanen Japan na ƙarni na 19. A 1842 gwamnati ta hana buga hotunan 'yan wasan kwaikwayon gargajiya da ake kira kabuki da matan gidajen shaƙatawa. Sai gogan naka ya koma zana kyanwoyi da kifaye sanye da kimono, wato rigar gargajiyar Japan, da fuskokin 'yan wasan da kowa a Edo (birnin Tokyo na yanzu) ya san ko na wane ne. Jami'i zai kama mutum don ya zana mage?

Baban Sadiq: Ku ƙara da tarwaɗa. Mutanen Japan na da sun yi imani wata ƙatuwar tarwaɗa ce a ƙarƙashin ƙasa ke jawo girgiza. Bayan girgizar ƙasar Edo ta 1855, zanen tarwaɗar ya cika kasuwa: a wani jama'a na lakaɗa mata duka, a wani kafintoci da magina na shan giya tare da ita don ta samo musu aiki, a wani kuma tana matsa wa attajirai su amayar da zinariya. Ba a jima ba hukuma ta hana bugawa.

Ɗan Zazzau: Na gode ƙwarai. Zan tura mata na tarwaɗar nan, don shi ya fi ba ni dariya.