Ɗakin kwamfuta ko wayar malami: wanne ya fi amfanar ɗalibi?

Malam Sani, Tudun Wada:
Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai. Akwai maganar da na daɗe ina taunawa, kuma na san ba kowa zai yarda da ni ba. A ganina, kuɗin da ake kashewa wajen gina ɗakin kwamfuta a firamare da ƙaramar sakandare, da an saya wa kowane malami waya mai kyau da shi, an haɗa masa da datar wata-wata, da ɗalibai sun fi cin moriya. Inda nake koyarwa muna da irin wannan ɗaki, amma kusan kullum da kwaɗo a ƙofarsa, domin babu wuta kuma babu kuɗin man janareta. Ni kuwa da wayata nake shirya darasin kimiyya. Na sauke manhajar PhET ta Jami'ar Kolorado da ke Amurka, wadda ke aiki ko babu intanet, na nuna wa yara yadda lantarki ke tafiya daga batir zuwa ƙwan fitila, abin da na shekara ina zanawa a allo ba su gane ba.

Malama Hauwa, Kawo:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ka yi magana a kan sauƙin da malami ya samu, amma ka tsallake abin da ke jiran ɗalibi a gaba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, kuma a 2024 WAEC ta fara gwada hakan ga masu rubuta jarrabawa daga waje. Yarinyar da ta gama sakandare ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ranar da ta zauna gaban na'urar hannunta rawa zai yi ko da ta san amsa, lokaci kuma ba zai jira ta ba. Wayar da ke aljihun malami ba za ta koya mata wannan ba. Sannan ina tambaya: ajina yara tamanin ne da 'yan kai, ta yaya na bencin baya zai ga abin da ke fuskar waya?

Malam Sani:
Malama, rukuni-rukuni nake kasa su, goma-goma, suna zuwa teburina.

Malama Hauwa:
Darasin minti arba'in ne, Malam. Kafin rukuni na takwas ya iso an kaɗa ƙararrawa, sauran kuma sun mayar da ajin kasuwar Bacci.

Hajiya Binta, Unguwar Rimi:
'Ya'yana, na yi shekara talatin da biyar ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, saboda haka ku bar ni in sa baki. A 2007 an raba wa 'yan firamare ƙananan kwamfutoci a Galadima, kusa da Abuja, ƙarƙashin shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, aka yi ta yayata shi a duniya, yau kuwa ba mai ambatonsa. Mu nan Kaduna kuma ba mu manta da 2017 ba, lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da ake nema ba. An yi ta jayayya a kan adalcin gwajin, ni ma ina da nawa ra'ayin, amma ba shi ne zancenmu ba yau. Abin da nake nufi shi ne, malamin da bai ƙware a darasinsa ba, in ka ba shi intanet sai ya kwafo kuskure ya rubuta a allo da gaba gaɗi, domin ba shi da ma'aunin da zai tantance tsaki da tsakuwa. Na ga takardar shirin darasi da wani matashi ya ɗebo daga waya, misalan cikinta duk na dusar ƙanƙara ne da kuɗin dala, yaranmu kuwa hazo da naira suka sani.

Malam Yakubu, Rigasa:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Maganarki gaskiya ce, sai dai a fahimtata ta ƙarfafa hujjar Malam Sani ne. Idan matsalar tana ga ilimin malami, to ta ina zai ƙaro shi? Ba kowa ke samun gurbin bita a Cibiyar Malamai ta Ƙasa ba, ko da yake hedikwatarta a nan Kaduna take. Amma tun Maris na 2022 akwai dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft, darussansa bisa manhajar karatun ƙasarmu suke, har da na Hausa, kuma ba a biyan ko kwabo. Darasin kaso na lissafi a can na sake koyonsa da dare, ba tare da na ji kunyar kowa ba. Inda Malam Sani ya yi sassauci shi ne batun data, wadda aka amince a ƙara kuɗinta da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Mu dabarar da muka yi, mutum ɗaya ke sauke bidiyo, sai ya tura wa sauran ta Xender a ɗakin malamai.

Malama Hauwa:
Malam Yakubu, ban musa cewa waya tana gyara malami ba. Abin da na ƙi shi ne a ce a bar gina ɗakin kwamfuta saboda wani yana kulle. Ɗakin da babu wuta sola yake buƙata. Akwai ma manhajar Kolibri, wadda ake ɗora darussa a kwamfuta ɗaya ta raba wa sauran na'urori ba tare da intanet ba.

Malam Sani:
Na karɓi gyara a kan 'yan babbar sakandare masu fuskantar JAMB, su kam sai da kwamfuta a gabansu. Amma a firamare ina nan a kan bakana, har sai an gaya mini wanda zai sayi batirin solar in ya mutu bayan 'yan shekaru. Malama, ina gayyatarki ajina ranar Laraba da ƙarfe goma, ki zauna a bencin baya ki gani da idonki.

Malama Hauwa:
In Allah ya yarda zan zo, kuma ni zan zaɓi yaran da za a yi wa tambaya bayan darasi.