Zan kai yara Abuja, ina da ina za mu je?

Maman Ummi, Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan zaure. Hutun nan zan kai yara Abuja wajen ƙanwata, kwana huɗu za mu yi. Ba na so mu ƙare a zagayen kantuna, ina so su dawo da abin ba da labari. Ku taimaka da shawara.

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Hajiya ku yi Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa, amma ku fita da wuri saboda cunkoso. Da la'asar kuma sai Millennium Park a Maitama, yara su yi ta gudu son ransu. Sarauniyar Ingila ce ta buɗe shi a 2003.

Malam na Fagge: Kafin ku tashi ki sanar da su cewa ɗan Kano ne ya kafa garin nan. Janar Murtala ya sanar da kafa sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu 1976, bayan kwana goma aka kashe shi a Legas. Allah ya jiƙansa. Gwamnati ba ta tare ba sai 12 ga Disamba 1991, zamanin Babangida.

Sunan ma aro aka yi. Suleja ce Abuja ta asali. Haɓen Zazzau ne da jihadi ya taso su suka gangara can, Abu Ja ya kafa garin a 1828. Da aka karɓe sunan sai aka laƙaba wa tsohon garin na Sarki Sulaimanu Barau. Ƙasar kuwa Gbagyi aka tarar a kai, kada a manta da su.

Maman Ummi: Ikon Allah! Malam wallahi ban taɓa jin wannan ba.

Anti Zulai: To Yaya ki ware wa Suleja yini guda. Ki riƙe naira ɗari da naira ashirin a jaka. A Madalla ki nuna musu Dutsen Zuma ido da ido, ga shi kuma a jikin ɗari. Matar da ke bayan ashirin Ladi Kwali ce, a Suleja ta yi suna da ginin tukwane. Nawa yaran har yau maganar suke yi.

Ɗan Kurmi: In da sauran lokaci ku leƙa tafkin Jabi da yamma. Amma kada yaro ya hau kwalekwale babu rigar ruwa.

Maman Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zulai ki kira ni anjima mu tsara ranar Suleja.